Ranar da Injunan Saƙa Suka Tsaya

Har gobe ba zan manta da ranar da injunan saƙa suka tsaya cak ba, Baba Audu yana zaune a kan benci, ni kuma ina tsaye da jiƙaƙƙen zanen gado a hannu. Amma kafin in kai ku wurin, bari in faɗa muku ko ni wace ce, da yadda aka yi tsohon nan ya dawo hannuna.

A tsakiyar shekarun tamanin ina aiki a ƙaramin asibitin wata masaƙa a Kakuri. Ni ba nas ba ce. Matsayina shi ne na ƙasa duka: shara, wanki, dafa kayan allura, da kiran marasa lafiya bi da bi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yamma na yi shi a ajin coci bayan na gama haihuwa, shi ya sa nake iya karanta sunan da ke kan kati. Sama da ni akwai dispensa mai ba da magani, sai Sista Rifkatu wadda take riƙe da asibitin, sai likita da yake zuwa Talata da Juma'a. Maman Bulus ake kirana. Mijina ya rasu kafin in kama aikin, 'yata ta yi aure a Kafanchan, Bulus kuma yana makarantar kwana. Ɗakina na Sabon Tasha ni kaɗai ce a cikinsa, don haka ba na cikin masu saurin duba agogo idan lokacin tashi ya yi.

Dokar kamfani ita ce wanda ya yi ritaya yana da damar zuwa a duba shi da tsohon katinsa. Baba Audu yana cikinsu. Tun yana saurayi ya baro ƙasar Katsina ya shiga ɗakin saƙa, bai fito ba sai da furfura. Ɗaki ɗaya yake haya a unguwar Makera. Matarsa Hajara ta rasu ba da daɗewa ba bayan ya ajiye aiki, ɗansa kuma yana Fatakwal. Ƙarar injuna ta cinye masa rabin ji, kamar yawancin tsofaffin masaƙa, saboda haka da ƙarfi yake magana, kuma bakin mutum yake kallo maimakon idonsa. A ɗakin saƙa haka suke hira, da leɓe da hannu, don ba mai jin wani.

Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙaramar murya. Sai ya zamana yana gane maganata da sauƙi, don a hankali nake yi kuma ina fuskantarsa. Yakan ce, "Maman Bulus, ke kam kamar mai tsoron tayar da jariri. Da a ɗakin saƙa kike da an ɗauka bebiya ce."

Ciwonsa kullum iri ɗaya ne. Zai shigo da hantsi yana gumi, hannu a ƙirji, hula a karkace, ya ce, "Yau kam ta zo. Ku kira mini ɗana." A kwantar da shi, a auna jini, a saurari ƙirji, a duba fitsari, ba a ga komai ba sai abin da ba a rasa ba na tsufa. Bayan ɗan lokaci ya tashi yana jin kunya, ya gyara hula ya tafi. Kafin mako ya zagayo ya sake dawowa. Likita ya ba shi ƙwayar kwantar da hankali, sai ta riƙa sa shi jiri, har ya faɗi a banɗaki ya fasa gira. Dole aka tsayar da ita.

Wata Juma'a a farkon damina, likita ya ja Sista gefe kusa da taga. Mutum ne mai kirki, amma layi yana da tsawo kuma dabararsa ta ƙare. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Zuciyarsa lafiya lau, fargaba ce. Idan damina ta wuce bai samu sauƙi ba, zan tura shi asibitin masu taɓin hankali. Can ne suka san abin."

Da na zo ɗaukar kwanon tofi, Baba Audu ya riƙe mini gefen riga.

"Na san abin da ya ce."

"Baba, ai ba ka ji ba."

"Ban ji ba, na gani." Ya nuna leɓensa. "'Yata, in aka kai ni can sau ɗaya, shi ke nan sunan ya zauna. A Makera za a ce Audu ya zautu. Yara su riƙa bi na, a masallaci a riƙa matsawa. Mai gida ya aika wa ɗana, ya zo ya kwashe ni zuwa garin da ban san kowa ba. Ni kuwa Hajara a nan take kwance."

Na kai wa Sista maganar. Ita a wancan asibitin ta yi wani ɓangare na horonta, ta ce ba wurin kunya ba ne, ana warkar da mutane sosai a can. Amma ita ma ta san bakin unguwa. Sai ta roƙi likita ya bar ta ta gwada wani abu da ta koya a wajen wani tsohon likita lokacin horon. Ita ta sa masa suna zaman natsuwa.

Bari in bayyana shi don waɗanda ba su sani ba. Ba allura, ba ƙwaya. Mutum zai zauna, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan gwiwa, ya lumshe ido, ya bi numfashinsa da hankali, shigarsa da fitarsa. Tunani zai zo, dole ne. Ba a kokawa da shi, ba a kuma bin sa. Ka gan shi, ka bar shi, ka dawo kan numfashi. Haka ma faɗuwar gaba: idan ta taso, ka lura da inda take a jiki, ka ci gaba da numfashi har ta sauka da kanta. Sista ta ce tsoron tsoron ne yake kayar da mutum, kuma wanda ya taɓa zama ya ga fargaba ta zo ta wuce bai mutu ba, ya samu abin riƙewa.

Da aka yi wa Baba Audu bayani, ya ɗan harare ta. "Sista, wannan dai ba addu'arku ba ce kuke so ku sa ni ta bayan gida?"

Ta yi dariya. "Baba, numfashi na coci ne ko na masallaci?"

"To, kuma haka ne," in ji shi. "Kowa da nasa hancin."

Sista ba ta da lokacin zama da mutum ɗaya kullum, sai ta koya mini kalmomin da zan riƙa faɗa, ta ce ni zan zauna da shi. Muka zaɓa masa wuri mafi kyau da muke da shi, a ganinmu: ƙaramin ɗakin ajiyar barguna da ke can ƙarshen baranda, nesa da katangar masaƙa. Na share shi, na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Sista har ta hana dispensa kunna rediyo. Duk wanda ya yi aikin asibiti haka zai yi, don mu a wurinmu shiru magani ne.

Ranar farko ya zauna yadda aka ce. Na rufe ƙofa, ɗakin ya yi tsit. Ban gama cewa "ja numfashi" ba na ga gumi ya keto masa. Yatsunsa suka kama gwiwa. Sai ya miƙe zumbur, ya banke ƙofa, ya fita baranda yana ihu, "Wa ya kama? Wa injin ya kama?" Mutanen da ke layi suka tashi suna kallo, wata mata ta ja ɗanta jikinta.

Muka ce farko ne. Aka sake gwadawa, ya fi na farko muni, har sai da aka kwantar da shi. Daga nan ya ce shi ya gama. "Ku bar ni. In haukan ce, ta zo a gidana." Sista ta shiga ofis ta zauna. Ni ma na koma gida da nauyi a zuciya, don na ga da hannunmu mun ƙara tura shi hanyar da yake gudu.

Ya daina shigowa. Na ɗauka fushi ya yi, ko ɗansa ya zo. Sai wata safiya na zagaya baya da bokitin wanki. A bayan asibitin akwai famfo da igiyar shanya, kuma katangar ɗakin saƙa tana nan dab da wurin. Ƙarar injuna a wajen ba a magana, har ƙasa rawa take yi a ƙarƙashin ƙafa. Ba mai zama a can sai ni. Ga Baba Audu a kan wani tsohon benci da aka jefar, ya jingina bayansa da katangar, ido a lumshe, fuska a sake kamar yaron da ya ƙoshi.

Na taɓa kafaɗarsa. Ya buɗe ido ya ji kunya.

"Mai gadi ne yake bari na in shigo," in ji shi. "Kada ki gaya wa Sista. A nan kaɗai ƙirjina yake kwanciya."

Na ajiye bokiti na tsuguna a gabansa don ya ga bakina. "A cikin wannan ƙarar, Baba?"

"Ƙarar nan lafiya ce. Ke ba ki yi ɗakin saƙa ba. Inji ɗaya yakan tsaya, zare ya tsinke, ba komai. Amma duka su yi shiru lokaci guda? Ko wuta ta ɗauke, ko obasiya, mai kula da ɗakin, ya kashe babban makunni don inji ya kama mutum. Kuma kafin ka san wanne ne, cikinka ya riga ya ɗuri ruwa." Ya kalli hannunsa. "Haka aka yi ranar Tanko, abokina, injinsa yana kusa da nawa. Shiru na fara ji kafin in ga jini."

Can ya ce, "Hajara kuma ba ta zama ba rediyo. Tun daga bakin zaure nake jin sa, ko ƙarar turmi. Ranar da ta rasu na dawo daga kasuwa, tun daga zaure ban ji komai ba." Ya share fuska da hula. "Yanzu da hantsi maza sun tafi aiki, yara sun tafi makaranta, gidan ya yi tsit, sai jikina ya ce an kashe makunni. Ku kuma kuka ɗauke ni kuka rufe a cikin abin, har da toshe ƙofa."

Na ce masa wannan magana ba ta ɓoyewa ba ce, ya zo mu je tare ya faɗa wa Sista da bakinsa. Da ƙyar ya yarda. Sista ta saurare shi har ƙarshe, ta dafe kai ta ce, "Kai, Baba, mun ba ka wahala. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni?"

Nan take ta sake tsara abin. Ta ce a fara daga inda jikinsa ya yarda. Zai yi zaman a kan bencin nan, baya a jikin katanga, ya saurari ƙarar yadda take, sannan ya nemo numfashinsa a cikinta. Idan ya saba, a riƙa jan bencin kaɗan kaɗan yana nisa da katangar, ba gaggawa, har jiki ya koyi cewa raguwar ƙara ba mutuwa ba ce. Kuma ta ce kada a kuskura a ja bencin ba da saninsa ba.

Haka muka yi damina. Da safe in na gama shara sai in fito da wanki, shi kuma ya iso da lemarsa mai karyayyen ƙarfe. In zauna a kan bokiti a kife, ya kalli bakina in faɗi kalmomin, sannan ya lumshe ido. Ba kullum ake dacewa ba. Wata rana ya buɗe ido a fusace ya ce, "Kaina ba ya tsayawa. Ina numfashi sai ga Tanko, sai ga kabari, sai ga kuɗin haya. Na kasa."

Na faɗa masa abin da Sista ta koya mini, cewa tafiyar tunani ba kasawa ba ce, dawowar ita ce aikin. Sai ya ce, "Kamar zare ke nan."

"Yaya, Baba?"

"Sabon yaro in zare ya tsinke masa sai ya ruɗe, ya yi ta zagi. Tsohon masaƙi ya san zare tsinkewa yake yi, tun safe har a tashi. Ka nemo bakinsa, ka ƙulla, ka tada inji." Ya ɗaga yatsu biyu da babban yatsa ya murza su a iska, da sauri har ban ga yadda ya yi ba. "Ba a fushi da zare."

Tun daga ranar, duk lokacin da tunani ya ɗauke shi, sai in ga yatsun nan sun yi ƙulli a kan gwiwarsa, kafaɗarsa ta sauka. Na gaya wa Sista, ta ce in daina faɗin kalmominta, in riƙa cewa kawai, "Ƙulla, Baba."

Bencin ya bar katanga ya zo gindin famfo, daga nan ya zo ƙarƙashin igiyar shanya. Zuwansa asibiti a guje ya ragu, amma bai daina ba, kuma ɗakin barguna ko kallonsa ba ya yi. Ruwa ya fara ja baya. Likita ya tambayi Sista, ta ce ana samun ci gaba. Ya ce, "Ci gaba a jikin katangar masaƙa. Ɗakinsa fa? Ba zai kwashi injuna ya kai Makera ba." Gaskiya ya faɗa, mu ma mun sani.

A shekarun nan abubuwa sun fara taɓarɓarewa a masaƙu. Auduga ta yi wuya, kayan gyara ba sa zuwa, babban janareton kamfani ya daɗe a kwance. To, ranar wata Juma'a da hantsi, likita yana ciki yana ganin mutane, Baba Audu yana kan benci ya yi nisa a zamansa, ni ina matse zanen gado. Sai ƙarar ta yanke. Ba raguwa ta yi ba, yankewa ta yi gaba ɗaya, kamar an sa wuƙa. Ƙasa ta daina rawa. Ni kaina da ban taɓa shiga ɗakin saƙa ba sai da gabana ya faɗi.

Na ga jikinsa ya zabura. Wuyansa ya miƙe, bakinsa ya buɗe, ƙafa ɗaya ta riga ta ja baya za ta ɗaga shi. Na saki zanen zan nufe shi, sai na ji an riƙe mini hannu. Sista ce, ta fito da gudu ta ƙofar baya don ta san abin da shirun nan zai yi. Ta girgiza mini kai. Idonsa a rufe yake, ko na ce "ƙulla" ba zai gani ba. Ba abin da za mu iya yi masa. Shi kaɗai ne a wurin.

Gumi ya gangaro ta ƙarƙashin hula. Ƙirjinsa yana hawa yana sauka kamar wanda ya yi gudu. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai ya yi tsawo. Sai na ga yatsun hannun damansa sun motsa a kan gwiwa. Suka yi ƙulli. Suka sake yi. Ƙafar da ta ja baya ta dawo ta zauna a ƙasa. A hankali kafaɗun suka sauko.

Daga can cikin masaƙa muka ji ma'aikata suna fitowa suna surutu, wani yana dariya yana tsine wa masu wuta. Ba wanda inji ya kama. Amma Baba Audu bai ji su ba, kuma bai buɗe ido ya tambaya ba. Ya ci gaba da zamansa har ya kai inda ya saba tsayawa.

Da ya buɗe ido ya gan mu tsaye, ni da Sista, da likita a bakin ƙofa da abin sauraron ƙirji a wuya. Ya kalle ni, ya yi magana a hankali, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Maman Bulus, ashe numfashina yana da ƙara. Na ji shi. Rabona da jin sa tun ina saurayi."

Sannan ya juya wajen likita. "Ta zo, likita. Ta zo da ƙarfinta. Na ce mata ta zauna, ina aiki."

Likita ya zo ya kama hannunsa ya ji bugun jini, ya daɗe riƙe da shi. Ya ce wa Sista, "A ci gaba da abin da ake yi." Bai ƙara tayar da maganar wancan asibitin ba.

Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Fargabar ta ci gaba da ziyartarsa, wani lokacin har ya zo a auna shi don ya tabbatar. Amma ya fara yin zaman a ɗakinsa da hantsi, a kan tabarmar Hajara, ƙofa a buɗe. Zuwansa bayan asibiti ya koma na gaisuwa. Daga baya ya ragu, har ya zama sai a kasuwar Kakuri nake ganinsa jefi jefi, ya ɗaga mini yatsu daga nesa ya yi ƙullin nan a iska. A ɗakinsa na Makera ya cika, da sunansa mai kyau, aka kai shi kusa da matarsa. Sai bayan an yi sadakar uku labarin ya iso mini ta bakin mai gadi. Na zagaya baya na zauna a kan bencin, ban yi wanki ba ranar.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, abin da zan bar muku ke nan. Za a koya muku hanya, kuma hanyar tana da kyau, kada ku raina ta. Amma kafin ku zaunar da tsoho ku ce ya natsu, ku tambaye shi inda ya yi rayuwarsa, da abin da kunnensa da jikinsa suka saba ɗauka a matsayin lafiya. Mu mun share ɗaki, mun toshe ƙofa, mun yi komai da kyakkyawar niyya, tambaya ɗaya ce ba mu yi ba. Kuma idan lokacin ya zo da zai tsaya shi kaɗai, ku iya riƙe hannunku. Wannan ya fi wuya a kan wanki da shara.

Bulus ya gama makaranta ya samu aiki a Legas. Ranar Lahadi in na dawo daga coci, maƙwabta sun fita ziyara, gidan yakan yi tsit har in ji motsin ƙadangare a kan kwano. Wani lokaci gabana yakan faɗi ba dalili, in fara lissafin wanda zai sani idan wani abu ya same ni. Sai in jawo kujera bakin ƙofa, in sa tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan gwiwa. Ban taɓa saƙa ko ƙyalle ba a rayuwata, amma yatsuna sun iya ƙullin.